Daga Gwanja Zuwa Sabo: Tarihin Abin Da Ke Riƙe Da Kasuwar Bahaushe

Duk wanda ya ɗan zauna da adabin Hausa, na baka ne ko rubutacce, zai tarar goro ya sami wuri ya miƙe ƙafa a cikinsa kamar ɗan gida. Da goro ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake raɗa wa jariri suna. Wanda ya kawo labari mai daɗi a ba shi goron albishir, yara kuma su bi gida gida ranar idi suna karɓar goron salla, ko da kuwa abin da za a miƙa musu kuɗi ne zalla. Amma fa itacen goro bai taɓa zama ɗan ƙasar Hausa ba. Itace ne na kurmi, mai son inuwa da ruwan sama mai yawa, kuma irin da Bahaushe ya fi ƙauna, wato mai ɓari biyu, a da can daga dazuzzukan ƙasar Tonawa ake samo shi, tafiyar watanni a ƙasa daga birnin Kano.

Tambayar da muke so mu bi sawunta a wannan maƙala ita ce: me ya riƙe wannan ciniki na ɗaruruwan shekaru, a zamanin da babu banki, babu inshora, babu kuma wata kotu guda wadda hukuncinta ya hau kan mai saye da mai sayarwa baki ɗaya? Masana tattalin arziki irin su Douglass North, wanda aka ba kyautar Nobel a 1993, sun daɗe suna nuna cewa kasuwa ba ta tsayuwa da ƙafarta ita kaɗai, sai da ƙa'idoji da al'adu da hukumomi waɗanda za su rage wa ɗan kasuwa tsoron a cuce shi. Mu da adabi ne fagenmu ba za mu shiga lissafinsu ba. Za mu dai bi hanyar goro da shanu, mu ga waɗanne ginshiƙai ne kakanninmu suka kafa, da kuma abin da hannun hukuma ya yi musu, na gyara ko na ɓarna.

Kurmi da hannun sarki

Littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa a zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Yakubu (1452–1463) kuma fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ne aka jingina wa kafa Kasuwar Kurmi. Ke nan hanya ta riga kasuwa, fatake sun riga rumfuna. Abin da sarki ya ƙara shi ne wuri tabbatacce, da tsaro, da mai sa ido. Ba ƙaramar gudummawa ba ce wannan, domin falke ba ya sauke kaya inda bai san wanda zai kai wa ƙara ba.

Sai dai hannun da ya gina shi ne kuma ya kusa rushewa. Littafin ya ce a zamanin Muhammadu Sharefa (1703–1731) aka ƙirƙiro haraji iri iri, har da na Kasuwar Kurmi. Da ɗansa Kumbari (1731–1743) ya hau, yaƙe-yaƙe suka yi masa yawa, sai ya matsa wa kasuwar da karɓa har ta kusa mutuwa. Bai tsaya nan ba, ya ɗora wa malamai ma haraji. Sakamakon haka Larabawan da ke zaune a birni suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka watse zuwa ƙauyuka. Marubucin tarihin, ko wane ne shi, bai karanta ilmin tattalin arziki a jami'a ba, amma a cikin 'yan layuka ya bayyana abin da ake cika littattafai da shi yau: ɗan kasuwa yana da ƙafa, kuma Katsina ba nisa. Gasar da ke tsakanin biranen Hausa ita ce takunkumin da ya hana kowane sarki wuce gona da iri, in kuwa ya wuce, maƙwabcinsa ne ke cin riba.

Ba mamaki ke nan da muka ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera karɓe-karɓen kasuwa cikin laifuffukan sarakunan Hausa, har ya ambaci tawasa, wato naman da ake karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa. Jihadin 1804 bai kawar da haraji daga kasuwa ba. Masu rini, alal misali, sun ci gaba da biyan kuɗin karofi. Abin da daular Sakkwato ta kawo wanda ya fi muhimmanci ga falke shi ne faɗi: ƙasa mai girman gaske ƙarƙashin shari'a ɗaya, da alƙalai masu karanta littattafan Malikiyya iri ɗaya a kan bashi da ajiya da jingina.

Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya yi yawo da sunan Abdullahi, ya iso Kano a 1824, zamanin Ibrahim Dabo, kuma abin da ya rubuta a kan Kurmi ya cancanci mu tsaya a kansa. Ya tarar akwai shugaban kasuwa wanda ke ba da hayar rumfuna wata wata, kuɗin kuma na shiga baitulmalin sarki. Amma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne sha'anin tufafi. In mutum ya sayi riga ko turkuɗi a naɗe, ya kai Barno ko wani wuri mai nisa, ya kwance ya tarar da algus, to sai ya mayar da ita Kano, domin an rubuta sunan dillalin da ya sayar a cikin ƙunshin. Dillali kuwa tilas ya nemo mai kayan, shi kuma tilas ya mayar da kuɗi. A duba wannan da kyau. Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama, amma ga mutane suna sayen tufa a naɗe ba tare da sun ga cikinta ba, saboda sunan mutum ɗaya da aka rubuta da tawada a 'yar takarda. Sunan nan shi ne jarin dillali, ba shi da wani. Da irin wannan tsari ne turkuɗin Kano ya sami karɓuwa har Tumbuktu da Murzuk, wanda ya sa Heinrich Barth, wato Abdulkarim, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Nauyin wuri

Tun da mun ambaci wuri, ya kamata mu tuna cewa kalmar kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce. Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sharefa wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ƙwanson wata 'yar halittar teku ne, wanda ake tsamowa a tsibiran Maldibis da ke tekun Indiya. Yana da kirki ta fuskoki da dama: ba ya ruɓewa, ba a iya yin jabunsa, kuma yana da ƙanƙantar da za a sayi ƙosai ko daddawa da shi. Aibinsa nauyi. A zamanin Barth wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya, kuma keso guda, wato wuri 20,000, ya isa kayan ƙato.

Daga wajen tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin Jamusawa na Hambog suka shiga jido wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar suna zubewa a Ikko da maƙwabtanta. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Wani Bature mai suna C. H. Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya ba da labarin yadda dokinsu ya yi rashin lafiya a hanya amma suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan alaro 15 su ɗauka, ladansu kuma zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari. Irin wannan kuɗi ba a fatauci mai nisa da shi. Shi ya sa manyan cinikayya suka koma kan musayar kaya da bashi, wuri ya zama ma'aunin lissafi kawai. Wajibi ne kuma mu faɗi ɓangaren da ba ya da daɗin ji: bawa ya zama babban kuɗi, mai ɗaukar kansa da kansa, ana biyan bashi da shi, ana kai gaisuwa da shi. Salaga da muke yabo da goro babbar kasuwar bayi ce, kuma wani kaso na arzikin da ya gina manyan gidajen fatake daga nan ya fito.

Ayari da mai gida

Hanyar Gwanja takan bi ta Yawuri ko Ilo a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a faɗa Yandi, sa'an nan Salaga. Ana tafiya da kanwa da tufafi da jemammun fatu da dabbobi, a komo da goro. Barth ya ƙiyasta kayan jaki 500 na goro ke shiga Kano a shekara. Kuma goro kaya ne mai shagwaɓa. Sai an naɗe shi cikin ganyen fita, ana yayyafa ruwa, ana kwancewa lokaci lokaci a tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafa wa sauran. Wanda ya yi sakaci na 'yan kwanaki sai ya iso gida da huhun asara.

Ayari ba taron matafiya ne kawai ba, hukuma ce mai tafiya. Madugu ne shugaba, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan fito da gaisuwa, a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na taimaka wa madugu wajen biyan kuɗin hanya, ga kuma malami mai duba ranar tashi da rubuta lissafi. Mutum ɗaya da jakunansa biyar ba shi da bakin magana gaban sarkin Bargu. Mutum dubu kuwa suna da shi, domin in an matsa musu baɗi sai su sake hanya, sarki ya rasa kuɗin shiga. Darasin Kumbari ne dai aka maimaita a daji.

Paul Lovejoy, a binciken da ya buga a 1980, ya nuna cewa jama'a uku ne suka mamaye wannan fatauci a ƙarni na 19: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Buzaye yake, da Kambarin Barebari masu tushe a Barno. Dukkansu baƙi ne da suka zama Hausawa, amma suka riƙe sunan asali da tsagarsu da auratayya tsakaninsu. A ganinmu wannan riƙo ba alfahari ba ne kawai. Yaron da aka ba jari ya tafi Gwanja, in ya ci amana, ba mai jari kaɗai ya saɓa wa ba. Ya rufe wa kansa ƙofar aure da ta jari da ta masauki a duk garin da danginsa suke, daga Bebeji har Salaga. Asali ya zama jingina a wurin da ba a iya jinginar da gona.

Ginshiƙin da ya fi kowane ƙarfi, wanda kuma ya fi daɗewa, shi ne mai gida, wanda Kanawa kan kira fatoma. Falke ya isa garin da bai san harshensu ba, bai san mai gaskiya da macuci ba. Sai ya sauka gidan mai gida. A nan zai kwana, a nan zai ci, a nan za a ajiye masa kaya da kuɗi. Mai gida ne zai haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya gaya masa farashin jiya da na yau, in kuma aka sayi kayansa bashi, mai gida ne ya tsaya. Abin da yake samu shi ne rabonsa na la'ada da alherin da baƙo zai yi masa ranar tafiya. Mai gida ba ya iya gudu, domin gidajensa da iyalinsa suna nan, kuma labarin cin amana ɗaya ya isa ya sa baƙi su sauya masauki. Wato mutumin da ke tafiya ya ari zaman wanda ke zaune.

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Tonawa a kan arewacinsu ya yi rauni, goro ya daina kwarara Salaga kamar da. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Fatake suka watsu zuwa Kintamfo da Kete Karachi da Kumasi da Ankara, kowa da zangonsa. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan kuma mawallafi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete Karachi a 1934. Ɗalibanmu sun san shi ta waƙoƙinsa, amma kaɗan ne suka san cewa tun yana saurayi ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Ɗan falke ne, ya san abin da ayari ke bukata. Salaga ta faɗi, amma tsarin mai gida bai faɗi ba, ya naɗe tabarmarsa ne ya shimfiɗa a wani gari.

Zuwan Turawa bai zo wa falke da sauƙi nan take ba. Bayan cin Kano a 1903, Gwamna Lugga ya ɗora wa ayari kuɗin hanya, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi aka ratsa, har zuwa kashi 15. Kukan 'yan kasuwa, har da kamfanonin Turawa kansu, ya sa aka soke shi a 1907. An hana shigo da wuri a 1904, aka kuma bi da karɓar haraji da sulalla, wanda ya tilasta wa kowa neman kuɗin Bature. Sai dogo, wanda ya isa Badun daga Ikko a 1901, ya isa Kano a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Goron Tonawa ya riƙa zuwa Ikko ta jirgin ruwa, daga nan ya hau jirgin ƙasa. Manoman Yarabawa na wajen Agege da Ota da Shagamu suka ga kasuwa, suka shiga dasa irin goron da Bahaushe ke so, wanda har yau suke kira gbanja, wato dai Gwanja. Cikin 'yan shekaru kurmin Yarabawa ya gaje Gwanja, madugu da jagaba suka zama sunaye a tatsuniya da littattafan makaranta.

Sabo

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, mu Hausawa mazauna kudu. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo, aka tashe su daga gidajen Yarabawa inda suke haya, aka sa su ƙarƙashin sarkinsu. Irin wannan unguwa ta tsiro a Shagamu da Agege da sauran garuruwan da ke bakin dogo. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963, ya buga littafinsa a 1969, ya tarar da mutum kimanin 4,000 a unguwar, da masu gida wajen 30 waɗanda harkar shanu da ta goro ke hannunsu.

Sha'anin shanu ya fi na goro haɗari. Saniyar arewa in ta shigo kurmi, ƙudan tsando ya cije ta, kwanakinta ƙidayayyu ne. Ba a iya riƙe ta a jira farashi, ba a kuma iya mayar da ita gida. Mahaucin Bayarabe kuwa ba shi da kuɗin biya nan take, sai ya yanka ya sayar. Ga mai shanu daga Barno ko Katsina wanda dole ya sayar da wuri, ga mai saye wanda dole ya ci bashi, ba su san juna ba, ba sa jin harshen juna. Cohen ya ce shanu wajen 75,000 ake sayarwa a kasuwar Badun a shekara, akasarinsu bashi, ba takarda, ba sa hannu, ba zuwa kotu. Mai gida da dillalansa su ne suka san kowane mahauci: nawa yake iya yankawa, nawa ake bin sa, wa ya taɓa yi wa jinkiri. In mahauci ya ƙi biya, mai gida zai biya baƙonsa daga aljihunsa, sa'an nan duk kasuwa ta rufe wa mahaucin ƙofa. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Aikin mai gida shi ne sanin tsawon hanjin kowane mutum.

A wajen goro kuma abin ya juya: mai kuɗi yana arewa, kaya suna kudu. Attajirin Kano ko Sakkwato zai aiko da kuɗi, mai gida ya tura yaransa ƙauyuka su sayo daga matan Yarabawa masu ɓare goro, a tsince, a ɗaure huhu, a kai tasha. Kowane mataki akwai inda za a iya cuta, kuma kowane mataki amana ce ta riƙe shi.

Cohen ya ƙara da wata magana wadda ta jawo muhawara. Ya ce da mulkin Turawa ya doshi ƙarewa a farkon shekarun 1950, ikon Sarkin Sabo ya raunana, siyasar jam'iyyu ta shigo, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya gaba ɗaya, suka ware masallacin Jumma'arsu a 1952, don su tsare keɓantuwarsu, su kuma tsare cinikinsu. Muna ganin ya gano wani abu na gaskiya, amma ya ja zaren ya wuce inda ya kamata. Guguwar Shehu Ibrahim Inyas ta kaɗa a Kano da Kumasi da wurare da dama inda babu wani cinikin shanu da ake tsoron a ƙwace. Mutumin da ke zama wazifa kowace yamma ba lissafin la'ada yake yi ba. Abin da za a iya cewa shi ne, mutanen da ke haɗuwa sahu ɗaya sau biyar a yini, ƙarƙashin muƙaddami ɗaya, sun fi wuyar cin amanar juna, kuma kasuwa ta amfana da haka ko da ba don ita aka yi ba.

Kada kuma mu mayar da mai gida waliyyi. Tsari ne na babakere. Yarabawan da suka nemi kai goro arewa da kansu sun sha tarar da ƙofa a rufe, yaran mai gida kuma kan yi shekaru suna bauta kafin a yi musu aure ko a ba su jari. Amanar da ke tsakanin 'yan ciki ita ce katangar da ta tare na waje, kuma wannan katanga na cikin abin da ya sa har yau ake kallon mazaunin Sabo baƙo, ko da kakansa a nan aka haife shi.

Yana da kyau mu ɗan waiwayi gyaɗa don kwatanci. Turawa sun shimfiɗa dogo ne da fatan auduga, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba. Abin da aka fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan 19,000. Su wa suka shiga ƙauyuka suka raba kuɗi da gishiri da tufafi don a noma ta? Tsofaffin fataken goro ne, da yaransu da amanarsu. Alhasan Ɗantata (1877–1955), Ba'agale ne daga Bebeji, da goron Gwanja ya fara kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Daga 1949 gwamnati ta sa gyaɗa ƙarƙashin hukumar ciniki, wadda ke yanka farashi ƙasa da na kasuwar duniya tana ajiye rarar. An yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, ba a musu, amma daga jikin manomi aka yanke su. Da farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, sai manomi ya koma wa dawa da gero. Kafin a rushe hukumomin ciniki a 1986 dalar gyaɗa ta riga ta zama hoto. Goro da shanu, waɗanda ba a taɓa yi wa irin wannan hukuma ba saboda ba a kai su Turai, suna nan suna hawa da sauka.

Yau tirela ta karɓe aikin jirgin ƙasa, wayar hannu ta sa mai shanu a Potiskum na jin farashin Ikko kafin ya yi lodi, kuɗi kuma na tafiya ta banki cikin ƙiftawar ido. Wani ɓangare na aikin mai gida ya ragu ke nan, ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu rajista da shugabanni da sakatarori sun ɗauki wani. Amma waya ba ta tsaya wa mahauci, banki kuma bai san wanda ya saba jinkiri ba, don haka dillali da mai gida ba su bar kara ba. Abin da ya fi rauni a yanzu shi ne ginshiƙin da Rumfa ya fara kafawa, wato tsaron ran baƙo da kayansa. A watan Yulin 1999 rikici ya tashi a Shagamu, garin goro, lokacin bikin Oro, aka yi asarar rayuka, aka kuma yi ramuwa a Kano a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Fabrairun 2021 saɓani tsakanin mutum biyu a kasuwar Shasha ta Badun ya zama gobarar da ta ci rayuka da rumfuna da gidaje, har gwamnatin jihar Oyo ta rufe kasuwar, gwamnonin arewa suka zo jaje.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya karanta labarin Kumbari. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen watan. Nama da tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko da Badun, a arewa kuma tumatir ya rasa mai saye yana ruɓewa a kwando, domin wannan karon babu wata Katsina da za a koma. An janye yajin a ranar 3 ga Maris, bayan zama da jami'an gwamnati a Abuja. Kwanakin da aka yi ana jayayya, motocin da aka tare sun yi jerin gwano ne a Jaba, a bakin Kwara, kogin da fataken Gwanja ke tsayawa su biya fito kafin su haye.